Karatun Injiniya Ba Da Ido A Ke Yinsa Ba

Kwanan baya, ana sauran kwana uku ya tafi makaranta, ɗan ƙanena ya zo yi mini sallama. Allah Ya ba shi sa'a ya sami gurbi a jami'a, zai karanta aikin injiniya, watau hanyar da ni ma na bi shekarun baya. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Baffa, na zo ka sa mini albarka, in kuma da wata shawara ka ba ni." Na sa masa albarka, na kawo abin da ya sawwaƙa na sa masa aljihu, sa'an nan na ce ya dage da karatu, ya kiyayi abokan banza. Ya ce to, ya tashi ya tafi.

Bayan fitarsa na zauna ina juya maganar, sai na ga ashe ban ba yaron nan kome ba. Ai da wannan "dage da karatu" aka sallame ni ran da zan tafi, na kuwa dage iyakar dagewa, amma saura ƙiris a koro ni gida da akwatina. Don haka na ga ya kamata in ɗauki alƙalami in rubuta abin da ya same ni, ko ya kai gare shi, shi da sauran 'yan'uwansa da ke shirin shiga wannan rami ba su san zurfinsa ba.

Bari in fara bayyana wa wanda bai sani ba yadda abin ya ke. A jami'o'in Nijeriya shekara 5 a ke yi kafin a sami digirin injiniya. Yaro ya kan zo da zumuɗin zai kama sukurudireba ya kwance inji, ko ya zana gada, sai ya tarar shekarar farko babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Lissafi ne, da Fiziks, da Kimistiri, sai ɗan Turanci. Ana tara ku ɗaruruwa a babban ɗakin lacca, malami yana can ƙasa gaban allo kamar ɗan tsako, ba ya san sunanka, ba ya kuwa tambaya ko ka zo. A zamaninmu wanda ya ci maki 70 ko fiye cikin 100 ya sami daraja 5, daga 60 zuwa 69 daraja 4, haka a ke ta sauka har a zo ƙasa da 40, wannan kuwa ba shi da kome, darasin kuma zai biyo shi baɗi. Darajojin nan tara su a ke yi tun daga zangon farko har ranar fita, digiri mai daraja ta ɗaya kuwa sai wanda ya kai 4.50. To, mai karatu, ɗauki fensir ka gwada. Ƙaddara nauyin shekarun nan biyar ɗaya ne. Yaron da ya tashi da 2.00 a shekarar farko, ko da ya ci 5.00 cif a sauran huɗun, abin da ba a cika gani ba, 4.40 zai fita da shi. Watau tun bai gama sanin hanyar kantin makaranta ba an riga an rufe masa wata ƙofa.

Ni kuwa da na zo, na zo da taƙama. Tun daga firamare ban taɓa wuce na uku a aji ba, a garinmu har an fara kirana injiniya tun ban ga ƙofar jami'a ba. Abin da ya kai ni nan kuwa hadda ce. Allah Ya ba ni kai mai riƙo, in na karanta shafi sau uku sai ya zauna. Saboda haka na ci gaba da abin da na saba. Da rana in kwafi abin da malami ya rubuta a allo. Da yamma in sake kwafe shi cikin wani littafi da kyakkyawan rubutu, in ja wa muhimman wurare layi da jan biro, har littafin nan ya zama abin sha'awa, abokai suna aro. Bayan lisha in ɗauki fitila in tafi aji, in sa goro a baki, wani lokaci har ƙafa na kan tsoma cikin bokitin ruwan sanyi don kada barci ya sace ni. In buɗe misalan da aka riga aka warware, in bi su layi layi da ido, kowane layi in gyaɗa kai in ce, "Haka ne, na gane." Ba na tashi sai an kira assalatu. Duk wanda ya gan ni sai ya ce yaron nan zai cinye littafi. Ni ma haka na zata.

Ranar jarrabawar lissafi ta zo. Akwai wani misali a littafinmu wanda na haddace kamar sunana: mutum yana da wayar shinge mita 100, yana so ya kewaye garka mai kusurwa huɗu, yaya zai yi tsawo da faɗi ya sami fili mafi girma? Amsa ita ce kowane gefe mita 25, fili ya tashi murabba'in mita 625. Da na buɗe takardar tambayoyi na ga mai garka da wayarsa mita 100, sai na yi murmushi, na ce tsuntsu daga sama gasasshe. Ban ko tsaya ba na zuba 25 da 25, na wuce. Ashe malam ya ƙara 'yan kalmomi: gefe ɗaya na garkar katanga ce, ba ya bukatar waya. Wanda ya fahimci abin sai ya ce, in faɗi x ne, gefe biyu sun ci x biyu, abin da ya rage daga 100 shi ne tsawo, sa'an nan ya nemi inda filin ya daina ƙaruwa ya fara raguwa. Zai sami faɗi 25, tsawo 50, fili murabba'in mita 1,250, ninki biyu na abin da na rubuta. Ni na bar mai garka tsaye da waya mita 25 a hannu ban ko lura ba. Sauran tambayoyin duk haka suka zo, kowace na san fuskarta, amma ta sake tufafi. Na kama ɗaya in yi layi biyu in maƙale, in koma wata. Gumi ya karyo mini, ga shi kuwa lokacin sanyi ne.

Da aka liƙa sakamako a allon sanarwa na bi lambata da yatsa, na ga 31 a lissafi. Fiziks da ƙyar na tsallake. Na daɗe tsaye a wurin, ba abin da ke zuwa mini a rai sai bijimin da mahaifina ya kai kasuwa don a biya mini kuɗin makaranta, wanda da shi a ke huɗa a gonarmu. An kuwa gaya mana tun farko, wanda darajarsa ta faɗi ƙasa da ƙa'ida za a ja masa kunne shekara guda, in bai gyara ba a sallame shi.

Da aka ba da hutu ban iya zaman gida ba don kunya, sai na ce zan je gaida kawuna, alaramma ne mai tsangaya a wani ƙauye gabas da mu. Na tafi da littattafaina, kullum da hantsi in shimfiɗa tabarma gindin wata tsamiya in yi ta kallon misalai ina gyaɗa kai. Kwana uku kawu yana wucewa ba ya ce kome. Ran na huɗu ya tsaya, ya dogara sandarsa, ya ce, "Kai ɗan boko, wannan shafin da ka ke kallo tun shekaranjiya, ka iya shi?"

Na ce, "Na iya, Kawu."

Ya ce, "To, kife littafin ka biya mini."

Na yi dariya na ce, "Allah Ya gafarta Malam, ai irin wannan karatu ba biya shi a ke yi ba, aikatawa a ke yi a takarda."

Ya ce, "Madalla. Kife, ka aikata."

Na kife littafi, na ɗauki farar takarda, na rubuta tambayar. Layin farko ya zo, na biyu ya zo, na uku ya ƙi. Hannuna ya tafi zai ɗaga littafin, kawu ya ɗora bakin sandarsa a kai. Muka yi shiru har almajirai suka fara leƙe. Can ya ce, "Idonka ne ya san shi, ba kai ba. Ido kuwa ba a shiga da shi gaban mai tambaya, sai dai a shiga da abin da ke ciki."

Daren nan ya zaunar da ni bakin wutar tsangaya ya ce in lura da abin da na taso ina gani ban taɓa kula ba. Ba a barin ƙolo ya wanke allonsa don ya ce ya iya, sai ya juya allon ya biya gaban malam, in ya yi tuntuɓe a ce ya koma. In an yi masa ƙari ba ya watsar da na baya, kullum sai ya yi tishi, gama karatun da ba a waiwaya ba gudu ya ke yi. Gardi kuma ba a yarda ya haddace don bakinsa yana gudu, sai ya zauna ya rubuta da ka, ya kai a duba masa, a fitar masa da kurakurai ɗaya ɗaya. Ga kuma gardawa in sun zauna musaffa, wannan ya karanta ya tsaya wancan ya ɗauka, kowa kunnensa na kan ɗan'uwansa, ba mai iya ɓoye rauninsa. Ashe ni abin da na ke kira hadda ko haddar ma bai kai ba, kallo ne kawai.

Na ce masa, "Amma Kawu, Alƙur'ani ba ya sakewa, yadda aka haddace shi haka za a same shi har abada. Mu kuwa namu tambayoyin kullum sabuwar kama su ke yi." Na ba shi labarin mai garka da katanga. Ya yi dariya har ya share hawaye, ya ce, "Wannan ai rabon gado ne." Ya ce mai koyon ilmin gado zai haddace cewa mata tana da sumuni in akwai 'ya'ya, namiji kuma yana da rabon mata biyu, amma wannan bai sa a kira shi rabon gado ba. Sai malaminsa ya jefa masa mas'ala: mutum ya rasu ya bar mata ɗaya da 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya. Ya zauna ya buga, ya ce a kasa dukiya 40, mata ta ɗauki 5, 'ya mace 7, maza 14 kowanne. In ya ci wannan sai malam ya ce to, ashe mahaifiyar mamacin tana da rai. Lissafi duka ya rushe, sai sabon bugu. Kawu ya ce haka a ke yi masa, yau a ƙara wannan magaji gobe a cire wancan, har ya zamana ba wata gawa da za ta zo masa da abin da zai ruɗa shi. Ya ce, "In ka raba gado ba daidai ba ka ci haƙƙin maraya. Kai kuma in ka buga naka ba daidai ba me zai faru?" Na ce gini ya faɗo wa mutane. Bai ƙara cewa kome ba, ya tashi ya shiga gida.

Da na koma makaranta na sake hali, ko da ya ke ba da daɗin rai ba. Na daina kwafe littafi sau biyu. Kowane misali sai in karanta shi sau ɗaya, in rufe, in aikata shi da kaina, in na maƙale in daure minti goma ko fiye kafin in leƙa. Bayan kwana biyu in sake dawo masa, bayan mako in kuma. In na iya shi sai in sake masa tufafi da kaina: in an ba da tsawo ana neman lokaci, ni in ba da lokaci in nemi tsawo. Wallahi karatun nan ba shi da daɗi ko kaɗan. Dā na kan share shafi 30 a dare in tashi ina jin kaina malami, yanzu kuwa tambaya biyar ta kan cinye mini sa'a biyu, in tashi ina jin kaina daƙiƙi. Sau da yawa na yi niyyar komawa gidan jiya. Karatun dare kuma na bar shi, don na lura duk ran da na kwana a aji, laccar safe jikina kaɗai ke halarta.

Sa'an nan na nemi abokan musaffa. Mu huɗu ne, mu kan haɗu bayan la'asar ran Talata da Alhamis da Asabar a wani aji da ba kowa. Sharaɗinmu ɗaya: ba mai zuwa sai ya riga ya gwada tambayoyin shi kaɗai, ko ya ci ko ya kāsa. Kowa sai ya hau allo ya yi bayani da baki, sauran suna tsayar da shi suna cewa, "Don me ka yi haka?" Nan na gane mutum ya kan iya kai wa ga amsa daidai bai san dalili ba, da an ce masa don me sai ya tsaya yana susar ƙeya. Akwai wani a cikinmu, ɗan masu haƙar rijiya ne, ba shi da sauri amma ba a ruɗinsa. Ran nan muna buga tambayar dutsen da aka saki cikin rijiya ya taɓa ruwa bayan sakan 2, ana neman zurfinta. Ɗayanmu ya danna kalkuleta ya ce mita 196, har ya ja layi biyu ƙarƙashi. Ɗan masu rijiya ya ce, "Haba malam, rijiya gaba ɗari da wani abu? Da wace igiya za a ja ruwan?" Aka sake bugawa, sai ga 19.6, ɗigo ne ya ɓace. Tun daga ran nan ban ƙara rubuta amsa ba sai na tambayi kaina ko mai hankali zai yarda da ita a kasuwa. Ƙarshen zango na biyu ban zama na ɗaya ba, amma ban faɗi kome ba, lissafin da ya biyo ni kuma na ci shi da 64 da shekara ta kewayo.

Sai bayan shekaru, ina aiki, na tarar ashe masana a ƙasashen Turawa sun auna abin nan da kawu ya nuna mini da bakin sanda. Tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya gwada a kan kansa ya nuna mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko bayan koyo, maimaici a rarrabe kuma ya fi maimaici a dunƙule. A 2006 wasu malamai biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, suka ba ɗalibai wani rubutu. Wasu aka sa su yi ta maimaita karanta shi, wasu kuwa suka karanta zama ɗaya, sa'an nan aka karɓe takardar aka sa su yi ta rubuta abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti 5, masu maimaita karatu suka fi. Da aka gwada bayan mako guda sai labari ya sha bamban: masu rufe takarda suka tuna kashi 61 cikin 100, masu kallo kashi 40. Abin da ya fi ba ni mamaki, masu kallon nan su suka fi sakankancewa za su tuna. Da na karanta wannan sai na ga kaina zaune da goro a baki da ƙafa cikin bokiti.

Na kuma karanta labarin Uri Treisman, malamin lissafi a jami'ar Berkeley ta Kalifoniya, wanda wajen 1975 ya so ya san abin da ya sa ɗalibai baƙar fata ke faɗuwa lissafin shekarar farko alhali 'yan asalin Sin suna ci. Ya bi su har ɗakunan kwanansu yana duban yadda su ke karatu. Bai tarar da lalaci ba. Ya tarar baƙar fatan yara ne masu himma waɗanda suka saba zama zakaru a makarantunsu, amma kowa shi kaɗai ya ke karatu, ba mai ganin kuskurensa sai ranar jarrabawa. 'Yan Sin kuwa su kan yi aiki su kaɗai tukuna, sa'an nan su taru su duba wa juna. Da ya shirya wa ɗaliban zaman aiki tare a kan tambayoyi masu wuya, sakamakonsu ya tashi ƙwarai.

Kada mai karatu ya ɗauka na ce duk wanda ya faɗi laifin hanyar karatunsa ne. Ba haka ba ne. Na ga yaron da bai karya kumallo ba ya shiga lacca, na ga wanda ya san lissafin sarai amma Turancin tambayar ya kayar da shi, na ga wanda zuciyarsa na wajen wani fanni iyaye suka tilasta masa wannan don a riƙa kiransa injiniya. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 wata takwas ya ɗauka, wane tishi ne zai riƙe yaro ya dawo kamar yadda ya tafi? Ɗan masu rijiyar nan da na ambata, wanda ya fi mu duka hankalin aiki, bai gama ba. Mahaifinsa ya rasu muna aji biyu, ya koma gida riƙon ƙanne. Har yau in na tuna shi sai in ji ba daɗi, gama na san injiniyoyi masu takarda da yawa da ba su kai shi ba.

Yaran yanzu kuma suna da wani jarrabi wanda mu ba mu sani ba. Mu in muka maƙale dole mu daure, don ba wanda za mu tambaya da tsakar dare. Su kuwa wayar hannu na aljihu, su ɗauki hoton tambaya, kafin ƙiftawar ido amsa ta fito layi layi da bayani mai daɗin karantawa. Abu ne mai amfani ga wanda ya riga ya yi gumi a kan tambayar yana so ya ga inda ya kauce. Amma wanda ya fara da ita, ya bi da ido yana gyaɗa kai yana cewa ya gane, to ciwona na dā ne ya kama shi, nasa ma ya fi tsanani, tun da shi littafinsa ba ya ƙarewa, ba kuwa kawu kusa da zai ɗora sanda a kai.

Shekaranjiya ɗan ƙanen nawa ya bugo mini waya. Na tambaye shi karatu, ya ce alhamdu lillahi, yana ganewa sarai, kullum sai ƙarfe biyun dare ya ke barin aji. Na ce masa ran Juma'a in an sauko daga masallaci ya sami farar takarda da biro, ya bar littattafansa a ɗaki, ya kira ni, ina da wata tambaya a kan wani mai garka.